Gayyar da ba a tuƙa mata tuwo

Ƙanena yana da shagon buga takardu a Birnin Kebbi, kwamfutoci shida da firinta biyu. In ɗalibai suna haɗa furojet ko an saki sakamakon jarrabawa, ko wurin tsayawa ba ka samu a shagon. Amma da lokacin ya wuce, sai ka iske kwamfuta huɗu a kunne tun hantsi har la'asar ba wanda ya taɓa su, in ban da yaron shago da ke kallon ƙwallo a guda. Tun da ya ɗora farantan sola a rufi ya daina damuwa da kashe su, don kafin azahar baturansa sun cika. Ranar da na ce masa akwai masu bincike a duniya da ke neman aron irin waɗannan kwamfutocin da ke zaman banza, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Yaya, mainin ne? Nawa suke biya?"

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga yadda samarinmu suka riƙa kwana suna dannar fuskar waya a 2024 saboda Hamster Kombat ya san inda tambayar ta fito. Amsar ita ce ba a biyan ko sisi. Kai ne ma za ka biya, kuma lissafin abin da za ka biya ɗin shi ne ɓangaren da masu tallata abin daga Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kai ba, don a wurinsu ba wani abin a zo a gani ba ne. A wurinmu kuwa shi ne kan magana. Amma bari mu fara da yadda abin yake aiki.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, tana iya yin lissafi biliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Rubuta takarda ko duba Facebook ba ya cin komai daga wannan ƙarfi. Tsakanin harafin da ka danna da wanda za ka danna gaba, ita ta gama aikinta tuni tana jiranka. Mafi yawan rayuwar kwamfutar gida a jira take ƙarewa. A can gefe kuma ga masana da ke da lissafin da kwamfuta ɗaya za ta shekara dubbai ba ta gama ba. Manyan kwamfutocin da aka gina don irin wannan aiki, masu cika zaure guda, kuɗinsu ya kai miliyoyin daloli, kuma layi ake bi kafin a samu a hau su.

Dabarar da aka fito da ita duk ɗan ƙauye ya san ta, gayya ce. Mai gona ba ya iya nome gonarsa shi kaɗai, sai ya kira jama'a, kowa ya kama kunyarsa, kafin rana ta take an kai ƙarshe. A nan mai gonar jami'a ce ko cibiyar bincike. Takan yanka babban lissafinta gunduwa-gunduwa, kai kuma ka sauke wata 'yar manhaja a kwamfutarka. Manhajar ta karɓo gunduwa ɗaya ta intanet, ta yi ta nuƙurƙusarta awa biyu ko goma ko kwana guda, ta mayar da amsa, ta karɓo wata. Da ka taɓa kwamfutar don yin aikinka sai ta ja da baya ta ba ka wuri. Ba a buƙatar intanet ɗin ya kasance a kunne duk tsawon lokacin, sai wajen karɓa da mayarwa kawai.

Ba kowane aiki ne ke karɓar gayya ba, kuma fahimtar wannan ita ce rabin fahimtar batun. Noma yana karɓa, domin kunyata ba ta jiran taka. Haƙar rijiya ba ta karɓa. Ko mutum ɗari ka tara a bakin rijiya, ɗaya ne zai shiga ƙasa, kuma ba a haƙa gaba ta goma sai an gama ta tara. Akwai lissafin da yake kamar rijiya, kowane mataki yana jiran na bayansa, ko kuma sassansa suna buƙatar yin magana da juna a kowane ƙiftawar ido. Hasashen yanayin gobe irin wannan ne, shi ya sa hukumomin yanayi ke amfani da manyan kwamfutocinsu. Lissafin da ke karɓar gayya shi ne wanda za a ce a gwada abu miliyan ɗaya, kowanne daban, a ga wanda ya dace.

To ta yaya mai gona zai san ba a yi masa noman ganin ido ba? Kwamfutar wani tana iya yin kuskure saboda zafi, wani kuma yana iya turo amsar ƙarya da gangan don ya tara maki. Yawancin ayyukan sukan tura gunduwa ɗaya ga kwamfutoci biyu ko fiye da ba su san juna ba, sai amsoshin sun zo daidai a karɓa. In sun saɓa a tura wa ta uku. Makin da na ambata shi ne kaɗai ladan da ake gani da ido: lamba ce da ke ƙaruwa a gaban sunanka, ba ta sayen ko ƙullin gishiri, amma mutane sun kafa ƙungiyoyi na ƙasa da ƙasa suna gasa a kanta kamar gasar ƙwallo. Ita ce gangar noman wannan gayya.

Abin ya faro ne a 1996, lokacin da wani Ba'amurke, George Woltman, ya kafa GIMPS don farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7 da 31 da 127. Amma wanda ya sa duniya ta waiwayo shi ne SETI@home, da Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta buɗe a watan Mayun 1999. Wani ƙaton faifan sauraro da ke Arecibo a tsibirin Fotoriko yana kwaso ƙarar rediyo daga sararin samaniya, kwamfutocin jama'a kuma suna tace ta ko za a ji wata alama da ke nuna akwai masu hankali a wata duniyar. Mutum fiye da miliyan 5 suka shiga. An yi shekara 21 ana yi, aka daina raba aiki a ƙarshen Maris na 2020, ba a ji kowa ba. Sai dai aikin ya bar gado. A 2002 David Anderson, wanda ke jagorantarsa, ya fito da BOINC, manhaja guda da kowace jami'a za ta iya kiran gayyarta a kai kyauta. Yawancin ayyukan da ake yi yau a kanta suke.

Irin wannan farauta takan tuna mini da ranar su a Argungu. Masunta dubbai su faɗa Matan Fada da homa da gora, mutum ɗaya ne zai fito da giwan ruwan da za a ɗora a sikeli ana tafi, amma yawan nasu ne ya hana kifin samun maɓoya. A 2010 kwamfutocin wasu mutane a jihar Ayowa ta Amurka da wani a Jamus, da ke aikin Einstein@Home, suka gano wani mataccen tauraro mai juyawa da masana ba su san da shi ba. Su ne suka fito da kifin, sauran dubban suka tare ruwan. Sai dai zamani yana sauyawa. Lamba mafi girma da GIMPS ta gano, mai alƙaluma 41,024,320, a watan Oktoban 2024, ba kwamfutar ɗaki ce ta kamo ta ba. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, hayar dubban na'urori ya yi a cibiyoyin bayanai na ƙasashe daban-daban. Wato mai jirgin kamun kifi ya shigo cikin masu gora.

Taurari da lambobi ba za su hana manomin Suru ko Bunza barci ba. Inda abin ya fara taɓa mu shi ne wajen furotin, kuma a nan ya kamata a ɗan zauna.

Kusan duk aikin da ke gudana a jikin mai rai furotin ne ke yin sa: ɗaukar iska a jini, narkar da abinci, yaƙi da cuta. Kowane furotin doguwar sarƙa ce da aka jera da ƙwayoyi iri 20, kamar carbi mai duwatsu kala-kala. Amma ba ya aiki a miƙe, sai ya naɗe. Ka dubi rawani. Yadi ɗaya ne, amma naɗin hakimi daban, na malami daban, na Buzu daban, kuma naɗin ne ke gaya maka ko wane ne. Haka furotin, siffar da ya ɗauka bayan ya naɗe ita ce aikinsa. In naɗin ya karkace sai cuta, kamar cutar mantuwa ta tsufa da ake kira Alzaima. Misalin da muka fi sani a gidajenmu shi ne sikila: ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya a sarƙar furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, sai ya riƙa manne wa 'yan uwansa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Ƙwaya ɗaya, ga yaro yana kwana yana kuka da ciwon ƙashi.

Naɗewar tana faruwa ne cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma kwaikwayonta a kwamfuta yana buƙatar a lissafa motsin kowane ƙwayar zarra, taki-taki, sau biliyoyi. Wannan ne ya sa Vijay Pande ya kafa Folding@home a Jami'ar Istanfod a 2000, David Baker kuma ya kafa Rosetta@home a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a 2005. Baker ɗin nan shi ne ya samu rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, saboda ƙera sababbin furotin da babu su a halitta. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, jama'a suka yi ca a kan Folding@home, har ƙarfin kwamfutocin da suka haɗu ya wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, ya ninka na Summit, babbar kwamfutar da ta fi kowace sauri a lokacin, sau da yawa. Da wannan ƙarfi aka ga yadda ƙayar jikin ƙwayar korona ke buɗewa da rufewa, da wasu ɓoyayyun ramuka a jikin furotin ɗinta da magani zai iya shiga. Da aka buɗe gari kuma, yawancin masu gayyar suka kama gabansu.

Neman magani ta wannan hanya kamar mutum ne da kwaɗo ɗaya da buhun mabuɗai. Kwaɗon shi ne furotin ɗin da ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da shi, mabuɗan kuma sinadarai ne miliyoyi. Gwada kowanne a ɗakin gwaji zai cinye kuɗi da shekaru, sai kwamfuta ta fara gwada su a lissafi, ta ware 'yan ɗaruruwan da suka yi kamar za su shiga, sannan a kai su ɗakin gwaji. Aiki ne na kunya-kunya sak.

Yanzu ka dubi jerin ayyukan da aka yi a World Community Grid, dandalin da kamfanin IBM ya kafa a 2004, wanda daga baya ya koma hannun cibiyar bincike ta Krembil a Toronto ta Kanada. Daga 2011 zuwa 2013 cibiyar Scripps ta Amurka ta gwada miliyoyin sinadarai a kan furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Daga 2008 zuwa 2010 wasu masana a Jami'ar Washinton sun lissafa siffofin furotin ɗin shinkafa, don taimaka wa masu fito da iri mai yabanya da gina jiki. A 2019 Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan ta fara aikin kwaikwayon ruwan sama na Afirka kudu da Sahara, yanki-yanki ƙanana, domin hadarinmu yakan zubar a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, abin da manyan taswirorin hasashe ba sa kamawa. An yi na tsargiya, an yi na Ebola. Tun kafin nan ma cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta yi amfani da kwamfutocin jama'a wajen lissafin yadda gidan sauro da magani da rigakafi za su rage yaɗuwar zazzaɓi.

Zazzaɓi, shinkafa, ruwan sama. Kai ka ce wani ɗan Kebbi ne ya rubuta jerin. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaran jihar nan 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi a jininsu, adadin da ya fi na kowace jiha, kuma Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba wa rigakafin zazzaɓi na R21 a watan Disamban 2024. Ambaliyar 2020 kuwa ba manomin fadama da zai manta da ita. Sai dai kada a yi wa kowa romon baka. Rigakafin nan daga Jami'ar Oksfod ya fito, kamfanin Serum na Indiya ke haɗa shi, ba daga gayyar kwamfutoci ba. Abin da gayya ke bayarwa shi ne jerin sinadaran da suka cancanci a gwada, kuma daga nan zuwa ƙwayar magani a kemis tafiya ce ta shekaru da yawancin matafiya ba sa kaiwa. Wani ɓangaren aikin ma ƙirƙirarriyar basira ta karɓe shi: manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta fitar da hasashen siffofin furotin fiye da miliyan 200 a 2022.

Mu dawo kan kuɗi. Ana cewa wai ƙarfin da ke zaman banza kake bayarwa, don haka ba ka rasa komai ba. Wannan magana ta fi kusa da gaskiya a zamanin tsofaffin kwamfutoci, da ke shan wuta kusan iri ɗaya ko suna aiki ko suna hutawa. Na yanzu suna lafawa in ba aiki, su rage shan wuta sosai. Da ka ɗora musu lissafi sai su miƙe, fanka ta hau kuka, mita ta hau gudu. Ashe abin da kake bayarwa wuta ce, kwamfutar hanya ce kawai. Mu yi misali: laftof da ke shan wat 50, awa 8 kullum, wata guda, ta sha yunit 12. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin yunit na rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan rage. A ce naira 210, ka ga kusan naira 2,500 ke nan a wata. Babbar kwamfutar tebur mai katin wasanni da ke shan wat 250 za ta ci yunit 60, sama da naira 12,000. Ga Bajamushe wannan kuɗin shayi ne. A nan kuɗin cefane ne. Wanda kuma zai tayar da janareta don wannan, da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023, gara ya ɗauki kuɗin man ya saya wa marayun unguwarsu gidan sauro, zai fi ganin amfaninsa kusa.

Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Birnin Kebbi yakan haura 40, kuma kwamfutar da ke aiki da dukan ƙarfinta a ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri tana dafuwa ne a hankali. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata hanci. Waya ta fi ban tsoro. Akwai BOINC na Android, amma wayar da ke caji tana lissafi a lokaci ɗaya a ƙarƙashin filo, batirinta ba zai daɗe ba zai kumbura, kuma a gidaje da yawa wayar nan ita ce banki, ita ce shago. Ni ban ba kowa shawarar ya sa wayar da yake rayuwa da ita ba. Data ma abin dubawa ce, don wasu ayyukan gunduwarsu ƙarama ce, wasu kuma, musamman na yanayi, masu nauyi ne. Sa'ar da aka yi manhajar tana barin ka ƙayyade komai: kashi nawa na furosesa za ta taɓa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, data nawa, da kuma ta tsaya in an koma kan batir.

Abu biyu kuma a taƙaice. Kada a sauke manhajar sai daga shafin aikin na asali, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ko ka kawo mutum uku a ƙarƙashinka, ba wannan ba ne. Sannan kwamfutar ofis ko ta makaranta amana ce. A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin kwalejin fasaha a jihar Jojiya ta Amurka ya tsinci kansa a gaban kotu saboda ya ɗora irin wannan manhaja a kwamfutocin wurin aikinsa, aka ce ba da izini ba.

To ina zaman banzan na gaskiya yake a wurinmu? Yana kan rufi. Duk mai sola ya san da zarar batura sun cika, na'urar da ke kula da caji takan rage abin da take karɓa daga farantai. Ranar tsakiyar yini, wadda ta fi kowace ƙarfi, tana dukan farantan ne kawai ba mai ɗiba. Ba ka iya ajiye ta, ba ka iya sayar wa kowa. Awa uku ko huɗun nan ne kaɗai wutar da zan iya kira kyauta ba tare da na yi ƙarya ba, kuma yankinmu yana da ita fiye da ƙasashen da suka ƙirƙiro gayyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ke kiran gayyar. Tambayoyin namu ne, amma daga Delft da Kalifoniya da Siyatil ake yin su, kuma mai gona shi ke zaɓar abin da za a shuka. Gaskiya ne yawancin waɗannan ayyuka suna sakin sakamakonsu ga kowa, amma sakamakon da ke jibge a intanet sai mai iya karanta shi yake wa amfani. Manhajar kafa aiki a BOINC kyauta ce. Muna da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, muna da ta kimiyya da fasaha a Aliero, muna da Kwalejin Waziri Umaru, ga cibiyoyin jarrabawar kwamfuta masu na'urori ɗaruruwa da ke rufe mafi yawan watannin shekara. Ma'aikatan gayya ba su ne suka yi ƙaranci ba. Abin da ke da wuya shi ne gonar: malamin da zai ɗauki tambaya irin ta yaushe ruwan Gulbin Rima zai hau fadamar Argungu in an yi ruwa kaza a sama, ya mayar da ita lissafin da za a iya yankawa, kuma ya samu ma'aunan ruwan sama da na tsayin kogi na shekaru da zai gwada amsarsa da su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In babu waɗannan ma'aunai, ko kwamfutocin duniya duka aka ba mu, ƙarya mai yawa kawai za su lissafo mana da sauri.

Ƙanena dai bai bi ni har can ba. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko akwai lada a ciki, na ce wannan sai ya tambayi malaminsa, ni iyakata yunit da wat. Ya zaɓi wani aiki na binciken cututtuka, ya ɗora a kwamfuta biyu da ke kusa da taga, ya saita su daga sha biyu zuwa uku na rana, rabin ƙarfin furosesa, ya ce in bazara ta kama zai tsayar har sai ruwa ya sauka. Yaron shago ya fi shi ɗoki, kullum sai ya duba maki ya gaya wa kwastomomi wai kwamfutar maigidansa tana aiki da Turawa. Ranar Talatar da ta wuce hadari ya haɗu tun ƙarfe ɗaya ya rufe rana, ƙanena ya tashi ya kashe su duka biyun, ya bar batir saboda wata mata da ta kawo takardun gado shafi 40 tana so a buga mata kafin la'asar.